Murɗaɗɗen Hezal

A wajejen shekarar 1863 aka tsinci wani itacen hezal mai murɗaɗɗun rassa cikin shinge a gundumar Gulostasha ta Ingila. Jikansa ne wata dattijuwa ta dasa a lambunta a can. Kyansa ba ya fitowa sai da hunturu, idan ganye ya kaɗe, furanni rawaya suka yi reto kamar tuntu.

Sai dai itacen mai aure ne, saiwarsa ta hezal gama-gari ce. Kowace bazara gindin yakan fitar da miƙaƙƙen toho mai ƙarfi. Shekara biyu da ta yi tana jinya ba a datse ba, miƙaƙƙun suka kusa danne murɗaɗɗun. Ranar da ta fara iya takawa, wuƙa ta fara nema.