Wayar da Ba ta Ciruwa

A cikin manyan igiyoyi huɗu da ke ɗauke da gadar Brooklyn, a birnin New York na Amurka, akwai wayar da masu duba aiki suka gwada, suka ce ba ta da inganci, suka mayar wa mai ita. Duk da haka tana nan a ciki tun 1878, kuma ba mai iya zare ta sai in rushe gadar za a yi. Ni da na shafe shekaru ina aikin duba gine-gine, ina auna kaurin rodi, ina murza siminti a tafin hannu, babu labarin da nake yawan juyawa a raina kamar na wannan waya.

Sai an san yadda gadar rataye take tsayuwa kafin a gane girman laifin. Gadar da muka saba gani ginshiƙai ne a jere cikin ruwa, an shimfiɗa titi a kansu. Ita kuwa wannan titinta a rataye yake. Ana gina hasumiya biyu, a yafa musu manyan igiyoyin ƙarfe kamar igiyar shanya, sannan ƙananan igiyoyi su sauko daga manyan su riƙe titin. Nauyin duk abin da ya hau yana bin ƙaramar igiya zuwa babba, ita kuma ta danne hasumiya, ta ja bakinta biyu da aka ɗaure a turke, wato wani tulin ginin dutse da ke kowace gaɓa. Da wannan dabara aka bar tazarar mita 486 babu ginshiƙi ko ɗaya, jiragen ruwa suna wucewa ta ƙasa. To amma rayuwar kowa a kan igiya take.

John Roebling, haifaffen Jamus, shi ya zana gadar, sai dai bai ga ko tubalin farko ba. A 1869 jirgin fito ya murƙushe masa ƙafa yana cikin awon wuri, cutar tetanus ta shige shi, ya rasu. Aikin ya faɗo kan ɗansa Washington, mai shekara 32.

Kafin hasumiya ta tashi sai an sami ƙasa mai ƙarfi a ƙarƙashin kogi. Sai aka ƙera wani makeken akwatin katako marar gindi, aka kife shi a kan laka, aka riƙa hura masa iska da ƙarfi don ta hana ruwa shiga. Leburori suna ciki suna haƙa, magina suna jera duwatsu a bisansa, akwatin yana nutsewa sannu a hankali. A gefen Brooklyn an tsaya a zurfin kusan mita 14. A gefen Manhattan kuwa dutsen yana can ƙasa, kuma duk taƙin da aka ƙara sai an ƙara matsin iska. Mutum ya fito daga aiki lafiya ƙalau, can sai gaɓoɓinsa su ɗauki ciwo, ƙafafu su mutu. A yau an san cewa fitowa da gaggawa daga iska mai matsi ke sa jini ya yi kumfa, amma a wancan zamani likitoci lalube suke yi. Da mutum uku suka mutu, Washington ya tsayar da haƙa a zurfin mita 24, alhali ba a kai dutse ko'ina ba. Ya duba yashin da ke wurin, ya ga ya daɗe a danƙare bai motsa ba, ya yanke cewa zai ɗauki hasumiya. Har gobe a kan wannan yashi take tsaye.

Shi kansa cutar ba ta ƙyale shi ba. Daga 1872 ya zama ɗan zaman ɗaki, yana hangen aikin ta taga. Matarsa Emily ce ta zama ƙafarsa da bakinsa, tana kai umarni tana kawo rahoto, har ta laƙanci lissafin igiya da ƙarfin ƙarafa, 'yan kwangila suka koma tuntuɓarta kai tsaye.

Babbar igiya ba a ƙera ta a masana'anta a ɗauko, domin ba abin da zai iya ɗaga ta. A sararin sama ake saƙa ta. Wata ƙafar ƙarfe ce take kai da kawowa daga turke zuwa turke tana jan waya, kowace waya ba ta kai kaurin fensir ba, an shafe ta da tutiya saboda tsatsa. Waya fiye da 5,000 ke cikin kowace igiya, an tattara su an ɗaure kamar tsintsiya, kaurinsu ya kai santimita 40. Wanda ya sami kwangilar kawo wayar shi ne J. Lloyd Haigh, mutumin da Washington ya gargaɗi hukumar gadar a kansa tun da fari.

Dabarar Haigh ba ta da wuya, shi ya sa ta daɗe. Masu duba aiki sukan gwada waya a masana'antarsa, su ba da takardar shaida, a loda a keken doki. A hanya sai a ratse wani wuri a sauke mai kyau, a loda wadda aka ƙi, a ƙarasa bakin gada da takardar gaskiya a kan kayan ƙarya. Mai kyau kuma ta koma masana'anta a sake gwada ta gobe. Kafin asiri ya tonu an riga an saƙa mai yawa a ciki.

Abin da ya ceci gadar rara ce. An zana igiyoyin su ɗauki kimanin ninki shida na nauyin da ake tsammani. Washington ya sake lissafi, ya ga rarar ta ragu amma ba ta ƙare ba, sai ya sa aka ƙara waya 150 a kowace igiya, a aljihun Haigh. Daga baya Haigh ya shiga kurkuku, amma a kan wani laifin jabun takardu daban.

Mu masu wannan sana'a muna sa rara ne don abin da ba mu sani ba: guguwar da ba a taɓa gani ba, tsatsar shekara hamsin, taron da zai hau gini ranar biki. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne macuci ma ya san da ita. Akwai wani ginin bene mai hawa uku da aka sa ni dubawa. Zane ya ce rodi mai milimita 16, na auna wanda aka kawo na ga bai kai ba. Ɗan kwangilar ya ja ni gefe yana murmushi, ya ce, "Haba Injiniya, ai mun san kun sa rara a lissafinku. Ɗan wannan ragi ba zai kayar da gini ba." Na ƙi sa hannu, mako bai zagayo ba aka nemo wani. Ginin yana nan tsaye, da mutane a ciki, kuma tsayuwarsa ita ce hujjar da ake kafa mini duk lokacin da zancen ya taso. Ba ni da amsar da za ta gamsar da mai kallo daga titi, domin rarar da aka cinye ba ta nuna alama a fenti.

Shi ya sa ba na ajiye Washington da Haigh wuri ɗaya, ko da yake duka biyun sun taɓa rara. Ɗaya ya tsaya a kan yashi bayan ya yi bincike, don kada a ƙara fito da gawa daga akwati, kuma ya ɗora sunansa a kan hukuncin. Ɗayan ya ci tasa a ɓoye, ya bar haɗarin ga mutanen da ba a ma haifa ba.

An buɗe gadar ranar 24 ga Mayu, 1883. Kwana shida bayan haka wata mata ta faɗi a matakala, aka yi ihun gada za ta ruguje, mutum 12 suka mutu a turmutsitsi, gadar kuwa ko gezau. Tsoron bai bar zukatan jama'a ba, har a shekarar da ta biyo mai gidan wasan dabbobi P. T. Barnum ya bi ta kanta da giwaye 21, mutane suna kallo suna tafi.