Ɗaki Ɗaya a Ofishin 'Yan Sanda

Natsuwa ce ke riƙe ni a Barney Miller, wasan barkwancin da tashar ABC ta Amurka ta nuna daga 1975 zuwa 1982. Kusan komai a ɗaki ɗaya yake faruwa, ofishin 'yan sanda na unguwar Greenwich Village a New York. Ba a cika jin harbi ba, sai cike takardu da sauraron mutanen da rayuwa ta matsa wa. Haƙurin ɗan wasa Hal Linden a matsayin kyaftin ɗin ofishin har yanzu yana taɓa ni.

Faifan DVD na wasan da aka fitar a 2011 bai ɓoye tsufansa ba. A kaset aka ɗauke shi, hoton ya yi dishi-dishi. Abin da ya fi damuna shi ne, da ƙyar ake ganin mace cikin jami'an.