Ƙasar Zoɓo: Abin Da Na Nuna Wa Jikokina

A zamanin ƙuruciyarmu a ƙasar Gumel, babu magidancin da zai tsaya gaban jama'a ya ce shi manomin yakuwa ne. Shuka ce ta bakin gona, ana jera ta a kan iyaka don a san inda gonar wani ta tsaya. Mata su tsinki ganyen su yi miya, su tara gurguzun su yi daddawar batso. Kuɗi a wancan lokaci yana wajen gyaɗa, wadda manyan motoci ke kwasa zuwa Kano a yi dala da ita. Sai farin 1973 ya zo, cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya, dalar ta rushe a kan idonmu. Yau ga shi riɗi da zoɓo ne ke aurar da 'ya'ya a Gagarawa da Sule Tankarkar da Maigatari. Allah Yakan ɓoye arziki a inda ido ba ya tsayawa.

Jikokina a Kano suka tashi. A saninsu, zoɓo abu ne mai sanyi da ake cirowa daga firij a cikin gora. A Faransa, musamman yankin Bodo, mutane kan kwashi iyalansu su zaga gonakin inabi, su ga yadda ake tsinka da matsewa har a yi giya. Giya dai haramun ce a gare mu, ba mu da haɗi da ita. Amma ɗabi'ar kai yaro ya ga ƙasar da abin shansa ya fito, wannan abu ne mai kyau, kuma mu ma muna da abin nunawa. Don haka da suka zo hutu a ƙarshen kaka, na sa babansu ya ɗebe mu a mota muka nufi ƙauyukan Sule Tankarkar.

An riga an girbe gero, gonaki sun yi fili, sai yakuwa tsaye jajur a cikin rairayi. A nan na fara yi musu bayani. Ana shuka ta da faɗuwar damina, sau da yawa a tsakanin gero da dawa, ba ta neman ruwa mai yawa. Ba ta yin fure sai ruwa ya ja baya, yini ya fara gajarta. Furen ya buɗe da safe, ya yanƙwane ya faɗi, sannan ƙoƙon da ke riƙe da shi ya yi ƙauri, ya yi ja, ya rufe kwanson 'ya'yan. Wannan ƙoƙon shi ne zoɓo. Manomin da ya yi gaggawar yanka zai samu mara nauyi, wanda ya yi sakaci kuma kwanso ya fashe, iri ya zube.

Daga gona muka shiga wani gida na 'yan uwa, inda muka tarar da mata sun kewaye tulin zoɓo suna ɓarewa, ɗaya bayan ɗaya, yatsunsu sun rine. Babbar jikata ta zauna ta gwada. Ba ta jima ba ta ɗago kai ta ce, "Kaka, hannuna ƙaiƙayi yake yi." Tsohuwar gidan ta kama hannun ta duba, ta ce, "Haka yake, 'yar nan. Kwanson gashi gare shi. Mu tun safe muke, kuma sai an yi yini da yini kafin buhu ya cika, don in ya bushe ba ya da nauyi." Yarinyar ta yi shiru tana kallon tulin.

Tsohuwar ta nuna mana shanya. A kan tabarma ko leda ake bazawa, ba a ƙasa ba, a riƙa juyawa, a kwashe kafin raɓa ta sauka. Sai ya bushe ƙayau, yana ƙara a hannu, sannan a zuba a buhu. In da sauran danshi, zai yi fumfuna ya yi baƙi. Daga nan ta ɗebi wanda ya bushe, ta ɗauraye, ta ɗora a wuta da citta da kanumfari, ta sauke ta bari ya huce, ta tace da rariya, ta sa sukari. Ta ce wasu jiƙawa kawai suke yi ya kwana, wasu kan jefa 'yar kanwa don rage tsami, sai dai launin ya ƙara duhu. Yaran suka sha da ɗuminsa, suka yi mata godiya irin wadda ban saba ji a bakinsu ba.

Ranar Alhamis muka je kasuwar Maigatari. An fi saninta da dabbobi, amma na ja su wajen buhunan zoɓo, inda dillalai ke cusa hannu har gwiwa su ɗebo daga tsakiya, su duba launi, su shinshina. Akwai na gida, akwai wanda ya ƙetaro daga ƙasar Damagaram. Daga nan sai Dawanau a Kano, sai tashar jiragen ruwa ta Legas, sai Meziko, inda ake shansa kamar yadda muke sha. Ana shansa a Masar da Sudan, da Senegal, da Ghana.

A nan na ba su labarin da ya fi damuna. Akwai lokacin da Meziko ta dakatar da sayen zoɓon Najeriya saboda ƙwarin da aka gano a cikin kaya. Farashi ya faɗi, buhuna suka jibge a rumbuna, kuma matar da ta tsaftace nata ta sha wahala ɗaya da wanda ya yi ganganci. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Mai yayyafa ruwa ko zuba yashi don buhu ya yi nauyi yana ganin baƙon da ba zai taɓa haɗuwa da shi ba yake cuta, alhali maƙwabcinsa yake yanka. Shekaru sun koya mini cewa amana ta gaskiya ita ce wadda ake riƙewa a tsakiyar buhu, inda babu mai gani sai Allah.

Ina kira ga iyayen da suka yi nisa da gida: ku kawo yaranku a lokacin kaka, su taka gona, su zauna da masu ɓarewa, su ji ƙaiƙayin a hannunsu. Wanda ya san wahalar abu ba ya zubar da shi, ba ya taya shi da wulaƙanci. Kuma daga cikin waɗannan yara nake fatan a samu masu ilimin da za su kafa wuraren tsaftacewa da sarrafa zoɓo a nan ƙasar Gumel, domin ribar ta tsaya kusa da hannun da ya yi aikin. Allah Ya sa mu ga wannan rana, Ya albarkaci noma da manoma.