Tartsatsi, Dodon da Muka Ciro daga Ruwanmu

A gefen wannan rubutu za ku ga wani ɗan kati da muka manna. Mu huɗu muka zana shi, 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma 'yan ƙungiyar 'yan jarida. Tun da muka nuna shi a aji ake ta tambayarmu ko daga intanet muka ɗauko. To, ga bayani, kowa ya karanta ya huta.

Kowa a nan ya san katin Whot. A waya kuma muna ganin katunan Pokémon, waɗanda aka fara bugawa a Japan a 1996. Kowane kati yana da dodonsa, da sunansa, da lambar ƙarfinsa, yara suna tarawa suna musaya. A ajinmu akwai masu iya jero sunayen dodannin nan guda goma a numfashi ɗaya. Wata rana malaminmu na zane ya ce su jero kifaye goma na kogin Kwara, da ke nan bakin garinmu. Aka ce tarwaɗa, aka ce ƙarfasa, aka ce giwan ruwa, daga nan sai kame-kame. Malam ya ce, "To, ku yi min kati guda da dodonsa zai zama ɗan Yauri."

Gardama ta fara tun a ƙofar aji. Ɗayanmu ya ce a zana maciji mai fukafukai yana aman wuta, irin na finafinai. Wani ya ce dorina. Amma dorina ba abin wasa ba ce a garin nan. A 2024 ta kashe mutum a Yauri, kuma danginsa suna nan, ba mu so mu mai da ita abin dariya. Sai macen cikinmu, wadda kakanta masunci ne, ta ce, "Pikachu da kuke yabo ai wutar lantarki yake saki. Mu ma muna da mai sakin wuta, kuma tamu ta gaske ce. Minjirya."

Ranar Asabar da sassafe yayanta ya raka mu bakin ruwa. Muka tarar da tsohon yana gyaran koma. Muka durƙusa muka gaishe shi.

"Kaka, ina kwana?"

"Lafiya lau. Amarya, yau da rundunar 'yan boko kika zo min?"

Da ya ji abin da ya kawo mu ya yi dariya har da tari. Ya aika aka karɓo mana wata minjirya mai rai da maƙwabcinsa ya kama, aka ajiye ta cikin robar ruwa. Ya ce, "Wanda ya isa namiji a cikinku ya sa hannu." Duk muka zuba hannuwanmu a aljihu.

Mun fi rabin awa muna kallonta muna zane a takarda. Jikinta mulmulalle ne, kamar an hura shi, ba ta da ɓawo ko ɗaya. Launinta toka-toka ne da ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Idanunta 'yan mitsi-mitsi. Gashin bakinta shida ne, mun ƙirga har sau uku. Bayanta sumul yake, babu ƙayar da muka saba gani a sauran kifaye, sai wani ɗan tsiro mai taushi can kusa da wutsiya. Kaka ya ce da rana tana lafewa a rami ko ƙarƙashin saiwa, sai dare ya yi take fita farauta. Ta girgiza ƙananan kifaye, su sandare, ta haɗiye.

Malamarmu ta kimiyya ta ƙara mana bayani. Ta ce abin da ke haɗa wutar yana ƙarƙashin fata, ya lulluɓe kusan duk jikin kamar riga. Babbar minjirya tana iya sakin wutar da ta kai bolt 350, alhali ta gidajenmu ba ta wuce 230 ba. Ta ce mutanen Masar na da sun sassaƙa hotonta a bangon kaburburansu fiye da shekara 4,000 da suka wuce. Ashe ba mu ne muka fara zana ta ba.

Sai aikin waya. Yayan ƙawarmu ya yarda ya riƙa ba mu aron wayarsa awa ɗaya bayan la'asar. Muka sauke wata manhajar zane mai suna ibisPaint. Ba mu da alƙalamin waya, da ɗan yatsa muka yi komai. Abin da ya fi burge mu shi ne zanen yana zuwa falle-falle, kamar a jera fararen ledoji ɗaya a kan ɗaya. Falle na farko mun sa hoton zanenmu na takarda. Na biyu mun bi layukan da baƙi. Na uku launi, na huɗu inuwa, na biyar haske. In ka goge launi, layin yana nan bai taɓu ba. Wanda ya taɓa goge zane a takarda har ta huje zai gane daɗin wannan.

Katin ƙarami ne ƙwarai, faɗinsa santimita 6.3, tsawonsa 8.8. Duk abin da ya yi ƙanƙanta a zane, in an buga ɓacewa yake yi. Saboda haka muka ƙara wa idanun girma, muka sa musu ruwan ɗorawa. Gashin bakin nan shida muka lanƙwasa su suka koma kamar walƙiya. Ɗigon jikin muka sa suna ƙyalli. Mai son fukafukai bai haƙura ba, har sai da Malam ya koya mana wata dabara. Ya ce a shafe dodon gaba ɗaya da baƙi, a nuna wa wanda bai san aikin ba. Muka yi iri biyu muka kai wa mai gadin makaranta. Mai fukafukan ya juya shi sama da ƙasa ya ce jemage ne. Ɗayan kuwa ko daƙiƙa bai ɗauka ba ya ce, "Kai, minjirya!" Gardama ta ƙare. Muka raɗa masa suna Tartsatsi.

Abin da ya fi ba mu wuya shi ne bayan hoton, wato inda Tartsatsi yake zaune. Muka koma wurin Kaka mu tambaye shi abin da ke ƙarƙashin ruwa. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce a gungu aka haife shi, wato tsibiri. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya taso ya shanye gungaye da garuruwa, har da tsohuwar Bussa. An tashi mutane fiye da 40,000 aka sake musu matsuguni, cikinsu da Gungawa masu yawa. Shi yana yaro aka sa shi a jirgi tare da awaki da tukwane. Muka ce za mu zana gidaje da rumbuna a ƙasan ruwa. Ya girgiza kai. Ya ce ginin ƙasa ba ya jure ruwa, tuni ya narke. In akwai abin da ya rage, sai dutsen niƙa, da fasassun tuluna, da kututturen itace.

Su muka zana. Tartsatsi yana kwance a kan dutsen niƙa, tulu a fashe a gefensa, kututture a bayansa. Can sama akwai inuwar cikin kwalekwale, da hasken wata yana ratsowa. Falle goma sha ɗaya aikin ya ci, da mako uku. Sau biyu wuta ta ɗauke waya ta mutu, muka kai ta wurin mai caji. Muna zanen kifi mai wuta, a bakin tafkin da ke ba ƙasa wuta, ga mu a layin caji.

A ƙasan katin mun rubuta lambobi. Ƙarfi 350. Sauri 40, domin ba ta da gudu. Akwai kuma rauni, tunda dodon da ba shi da rauni ba ya daɗin wasa. Malama ta ce in minjirya ta saki wuta a jere, ƙarfin yana raguwa sai ta huta. Shi ya sa dokar katin ta ce duk wanda ya kai hari da Tartsatsi zai tsallake zagaye ɗaya.

Mun haɗa kuɗin tara muka buga guda biyar a shagon kwamfuta, aka liƙe su da leda. Na farko Kaka muka kai wa. Ya riƙe shi nesa da ido, ya daɗe bai ce komai ba. Ko dodon bai kalla ba. Ya ɗora yatsa a kan dutsen ya ce, "Wannan kamar na innarmu." Ya sa katin cikin hularsa ya ci gaba da gyaran komarsa.

Kati ɗaya ba ya wasa. Muna son guda goma kafin bikin Rigata na gaba. Ayu yana jira, da giwan ruwa, da kada, da zalɓe. 'Yan uwa da suka fito daga Ngaski da Warra da Shanga, in kun je hutu ku tambayi manyanku, musamman Sarkawa da Gungawa, abin da suka sani game da halittun ruwansu. Sharaɗinmu biyu ne. Sai ka ga abin da idonka, ko ka ji daga bakin wanda ya gani. Kuma kada kowa ya je bakin ruwa ba tare da babba ba. Ku kawo zanenku na takarda ranar Laraba bayan tashi, a ajin da ƙungiya take taro. Mai wayar da zai iya ba da aro ma muna maraba da shi.