Ziyarar Kasuwar Injinan Gudu ta Sharja

Duk wanda ya saba da dogayen gine-ginen Dubai masu ƙyalli, idan ya ƙetara zuwa unguwannin masana'antu na Sharja zai yi zaton wata ƙasar ya shiga. Masarautun biyu maƙwabta ne a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, amma a nan ƙura ce da ƙaurin baƙin mai da ƙarar injin yanka ƙarfe. Layi bayan layi shagunan kayan mota ne na gwanjo, da yawansu a hannun 'yan Afganistan da Pakistan. 'Yan kasuwarmu masu saro kayan gyara sun san wurin sarai, nan suke cika kwantena da injinan Corolla da Camry. Ni kuwa abin da ya kai ni shagunan injinan gudu ne, inda ake sayen kayan da za su ƙara wa mota ƙarfin da kamfani bai ba ta ba.

Akasarin hajar daga Japan take zuwa. A can dokar duba lafiyar mota tana da tsauri da tsada: ana duba sabuwa bayan shekara 3, daga nan kuma duk bayan shekara 2. Shi ya sa mutane ke rabuwa da mota tun tana da sauran lafiya. Sai a datse ta gida biyu, a loda gaban a jirgin ruwa da injinsa da giyarsa da wayoyinsa. Irin waɗannan rabin motocin ne jibge a harabar shagunan, wani kan wani, wasu da takardun rubutun Japananci manne a gilashi.

A cikin shagon da na fi daɗewa, injina ne jere kan tsofaffin tayoyi, kowanne an rubuta masa suna da farin fenti. Sarkinsu shi ne 2JZ-GTE na Toyota, mai silinda shida a jere, lita 3, da turbo biyu. Ya fara fitowa a 1991 cikin motar Aristo, sannan ya yi suna a Supra daga 1993 zuwa 2002. A takarda ƙarfin doki 280 gare shi a Japan, saboda yarjejeniyar da kamfanonin ƙasar suka yi a lokacin ta ƙin wuce wannan adadi. Amma gangar jikinsa ta baƙin ƙarfe ce mai kauri, shi ya sa makanikai ke ninka ƙarfinsa ba tare da ya tsage ba. Kusa da shi ga kishiyarsa, RB26DETT na Nissan Skyline GT-R, mai lita 2.6, wanda aka ƙera daga 1989 zuwa 2002. An daina sa su a sabuwar mota fiye da shekara ashirin, masu nema kuma sai ƙaruwa suke. Fim ɗin The Fast and the Furious na 2001 ya jawo wa Supra farin jini, dokar Amurka kuma tana barin a shigo da mota irin wannan idan ta cika shekara 25, don haka Amurkawa ma sun shigo layin masu saye. A wannan lungu tsufa ƙara wa ƙarfe kuɗi yake.

Samarin Daular Larabawa kuwa hankalinsu na kan TB48, injin Nissan Patrol mai lita 4.8. Suna ɗaura masa turbon da ya kai girman tukunyar miya, su nufi Liwa a hamadar Abu Dhabi, inda ake gasar hawan tudun yashi na Tal Murib a lokacin sanyi.

Na tsaya na kalli yadda wani bakanike ke duba inji kafin ya yi tayi. Ya buɗe murfin mai ya haska fitilar waya: idan ya ga daskararren baƙin datti, an yi sakacin canjin mai, idan ya ga fari-fari, ruwa ya gauraya da mai. Ya kwance fulogai ya duba kawunansu ɗaya bayan ɗaya, ya sa sifana ya juya injin da hannu yana saurare. Sannan ya zura yatsu biyu a bakin turbo ya girgiza sandar farfelar. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, amma in tana gaba da baya ko ta goga bango, turbon ya gama aiki. Ya bi wayoyi ya tabbatar ba a yanke su ba, ya nemi a nuna masa kwamfutar injin. Sai da ya gama duk wannan aka fara ciniki, ana buga farashi a kalkuleta ana miƙa wa juna, domin Larabci da Urdu da Turanci duk guntu-guntu ake yin su.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, masu shirin sauya wa inji halitta sun fi kowa gudun wanda aka riga aka taɓa. Injin da ya fito daga Aristo mai giyar otomatik, kusoshinsa ba su ga sifana ba, ya fi kwanta musu a rai a kan wanda ya zo da bututai masu walƙiya da tambarin kamfanin HKS. Ado irin wannan shaida ce cewa wani ya riga ya gasa shi a titi. Ga kuma jabu: turbo na kwaikwayo da sunan kamfanin Garrett, ko 2JZ-GE marar turbo da za a iya sayar wa baƙo da sunan wansa 2JZ-GTE.

Dokar Daular Larabawa ta hana sauya inji ba da izini ba, wanda aka kama yana fuskantar tara da tsare mota. Garantin shago kuwa ba ya bin kaya zuwa ƙetare. Wanda ya yi niyyar sayen irin wannan inji ya tafi da bakaniken da ya san shi, ya gwada matsin kowace silinda, kuma ya ware kuɗin birki da taya masu kyau kafin ya biya na turbo.