Kada Mu Bari Dandalinmu Ya Koma Kufai

Yau na ɗan ajiye labarin da muke bi mako-mako, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar gidajen kallo da dandalin wasan kwaikwayo a ƙasar Hausa.

Wanda ya san Kano ya san sinimar Rex da aka buɗe a 1937, da Palace, da Orion, da Plaza, da El Dorado, da Marhaba. Yanzu mafi yawansu sai labari, Palace ma tuni ta zama asibiti a Jakara. Na san ba kowa ne ya yi baƙin cikin tafiyarsu ba, don tun asali iyayenmu suna yi wa sinima kallon matattarar 'yan iska, ga kuma gobarar El Duniya ta 1951 wadda ta ci rayuka fiye da 300, ta ƙara sa mutane suka tsorata. Ban ga laifinsu ba. Amma ba dukan kallo ne sinima ba.

Mutanen ƙauye majigi suka sani. Mota ce take zuwa da yamma, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fadar hakimi ko dagaci, maza gefe guda, mata da yara gefe guda, babu ko kwabo. A nan aka koya wa jama'a tsabta da rigakafi da noman zamani. Fim ɗin Baban Larai, wanda ya koyar da noman auduga a shekarun 1950, a Daudawa aka ɗauke shi, nan ƙasar Katsina. Ni ma na tarar da ƙarshen majigi ina ƙarami a garin kakannina, kuma wallahi sai a yi mako guda tsofaffi suna maimaita abin da suka gani a bakin rijiya da majalisa. Abin da takarda ba ta iya isarwa ga wanda bai yi boko ba, majigi ya isar da shi a dare ɗaya.

Mu Katsinawa muna da rabonmu a wannan fage. Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, shi ya rubuta Kulɓa Na Ɓarna, wasan da ɗalibai da yawa suka karanta a makaranta kafin ya zama fim. Muna kuma da buɗaɗɗen dandalin wasanni a kan hanyar Jibiya, ƙarƙashin hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Tsorona shi ne, dandali ba kamar hasumiyar Gobarau ba ne da za a je a kalla a ɗauki hoto a dawo. Ranar da aka daina wasa a cikinsa ya mutu, ko da katangarsa tana tsaye.

Tun da Turmin Danya ya fito a 1990, kallo ya bar fili ya shiga ɗaki, daga ɗaki kuma ya koma tafin hannu. A nan GRA inda nake zaune, kowa da get ɗinsa, kowane yaro da wayarsa, babu mai sanin abin da ɗan'uwansa yake kallo. Mu a birni muna da abin ɗebe kewa. Yaron Batsari ko Safana da ya taso cikin fargabar 'yan bindiga fa, ina zai zauna da sa'o'insa ya yi dariya ba tare da tsoro ba?

Roƙona kaɗan ne. A riƙa shirya wasa a dandalin ko sau ɗaya a wata, da rana, yadda magidanci zai zo da iyalinsa ba kunya. A kawo makarantun ƙauyuka su yi gasa. A bai wa 'yan tashe da 'yan kalankuwa da makaɗan gargajiya fili. Mu marubuta kuma mu ba da labaranmu kyauta a mayar da su wasa, ni dai na ba da nawa. Wanda ya iya, ya ɗauki wasan ya kai garuruwan da hanya ta yi lafiya, kamar yadda motar majigi ta yi a da.

Allah Ya ba mu zaman lafiya, Ya sa mu dace. Mako mai zuwa za mu ci gaba da labarinmu in sha Allahu.