Ragon turka da ƴaƴan gawo

A wani ƙauye tsakanin Magarya da Dungas, wata yarinya ƴar lakwal tana zaune da kakarta. Bayan girbi, tsohuwar ta sayi rago ta turke. Da kuɗinsa za su sayi hatsi in rumbu ya ƙare. Amma da rani ya yi nisa, harawa ta yi kaɗan, dusa ta yi tsada. Rago ya soma ramewa.

Ran nan mushe ya gaya wa yara cewa a kudancin Nijeriya da Gana, inda ruwan sama yake da yawa, har dodon koɗi ake kiwo. Ana ba shi ganyen gwanda, wasu kuma suna ƙara masa garin zogale. Ya ce kowace ƙasa da icen da ke taimakon kiwonta.

Da yarinyar ta koma gida, ta ce: «Kaka, mu wane ice ne namu?»

Tsohuwar ta nuna gona ta ce: «Ga shi can, jikata. Gawo ne. Ƙafa ce ba ni da ita, da na tsinto ƴaƴansa.»

Gawo ya bambanta da sauran itatuwa. Da damina yakan zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana. Da rani yakan yi kore, ya yi ƴaƴa masu gina jikin bisashe. Bayan farin 1984, manoman Magarya suka himmatu wajen barin ƙananan gawo su girma cikin gonaki.

Daga ranar, in an tashi lakwal, sai yarinyar ta ɗauki kwando ta tafi gindin gawo. Kakar takan daka ƴaƴan a turmi, don kada ƙwayar ta fita cikin kashi a banza. Sai ta gauraya da ƴar dusa da kanwa kaɗan, ta aje ruwa kusa.

Sannu a hankali haƙarƙarin rago ya rufe. Da Layya ta kusa, aka kai shi kasuwar Magarya. Kuɗinsa ya sayi geron da ya kai su kaka.

Tambayoyi
1. Don mi ake daka ƴaƴan gawo?
2. Wane ice ne bisashen garinku suka fi ci?